Bayan an tashi daga su: Yadda ajiya ke tsare ko cinye jarin masuntan Argungu da Birnin Kebbi

Duk wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, ko da a waya ne, ya san yadda abin yake. Ana harba bindiga sai dubban mutane su ruga cikin kogin Matan Fada, kowa da homa a hannu da ƙaton gora. Cikin kamar awa guda an gama, an auna kifi, an raba kyaututtuka, baƙi sun kama hanyar gida.

Abin da masu ɗaukar hoto ba su cika bi ba shi ne inda waɗannan kaya ke komawa bayan an watse.

Bikin da aka yi a watan Maris na 2020, wanda aka kama kifi mai nauyin kilo 78, ya zo ne bayan kimanin shekara goma ba a yi ba. Wanda ya keɓe goransa don wannan rana, kuma ya fito da shi lafiya bayan tsawon wannan lokaci, ba sa'a ce ta taimake shi ba. Ya san inda ya rataye shi ne, ya kuma riƙa duba shi.

A kwarin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi da ƙauyukan da ke bakin fadama, kayan su sukan fi daɗewa a tudu fiye da cikin ruwa. A nan tudun ne kuma rana da tsatsa da ɓera da gara ke cin rabonsu. Masunci na iya tsira daga kada da igiyar ruwa, amma ya yi asarar jarinsa a cikin zauren gidansa.

Jarin da ke kwana a zaure

Masunci na gaske ba ya rayuwa da kaya iri ɗaya. Akwai homa, wadda a wajen Kano ake kira koma. Akwai birgi da ake jefawa, da taru, da gura da ake girkewa a ruwa kifi ya shiga ya kasa fita. Akwai mamari mai ɗimbin ƙugiyoyi, da fatsa, da mashi, ga kuma gora da jirgi.

Dalilin tara su shi ne kowane lokaci da kayansa. Abin da ke aiki a watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ya cika ya malale fadama, ba shi ne ke aiki a bazara ba, lokacin da ruwa ya janye kifi ya taru a gurabe da tafkuna. Abin da ke kama tarwaɗa ba shi ke kama karfasa ba, balle giwan ruwa.

Ke nan a kowane wata na shekara, wani kaso na kayan masunci yana ajiye yana jiran lokacinsa.

Ga kuma noma. Da yawa daga masuntan wannan yanki manoman shinkafa ne. A Birnin Kebbi ne ma aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. Idan aikin fadama ya kankama, sai a tattara raga a jefa bayan ƙofa da niyyar gobe a gyara. Goben nan takan kai wata uku.

A da, yawancin kayan a gida ake yin su: a saƙa raga da zaren gida, maƙeri ya ƙera ƙugiya, a shuka duma a samu gora. Yau ragar nailan da zare da ƙugiya, akasarinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin dala. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023, sauya ragar da ta lalace ya zama babban al'amari ga mai ƙaramin ƙarfi. Wasu sai sun ci bashi wurin dillalin kifi, da sharaɗin shi za su riƙa sayar wa abin da suka kama.

A irin wannan yanayi, wata shidan da kyakkyawar ajiya za ta ƙara wa raga kuɗi ne a aljihu.

Raga: rana ce babbar maƙiyiyarta

Ragar auduga ta da ruɓewa take yi idan an ajiye ta da danshi. Shi ya sa masunta a sassa da dama na duniya ke jiƙa ta cikin ruwan ɓawon itace mai ɗaci, irin sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, sannan su shanya ta sosai.

Da nailan ya shigo, sai aka ɗauka an huta, tunda ba ya ruɓewa. Amma al'adar shanya raga a rana ta ci gaba, alhali hasken rana shi ke kashe nailan. Yana cin ƙarfin zaren a hankali ba tare da ido ya gani ba. Ragar za ta yi fari-fari, ta yi kaushi, wata rana babban kifi ya buga ta ya wuce kamar ya ratsa yanar gizo-gizo.

A yankin da zafin bazara kan haura digiri 40, barin raga a kan katanga ko rufin kwano na kwana da kwanaki daidai yake da ƙona kuɗi. Abin da ya fi shi ne a shanya ta a inuwa, inda iska ke ratsawa, a kuma ɗauke da zarar ta bushe.

Kafin shanya akwai wanki. Ɓera ba nailan yake nema ba, ƙarnin kifi da ɓawonsa da suka maƙale a zare yake bi. Idan aka ɗauraye raga da ruwa mai tsabta, aka cire ciyawa da guntayen kifi, an rage masa dalilin zuwa. Sai a rataye ta daga rufi, nesa da bango da rumbun hatsi, domin inda hatsi yake nan ɓera ke kwana.

Abu na uku shi ne a ɗinke ɓarakar raga kafin a ajiye, ba ranar da za a koma ruwa ba. Ranar komawa ruwa kowa sauri yake yi, ƙaramar huda kuwa ita ke zama babba. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma shiga ruwa da yagaggiyar raga muguwar rawa ce.

Mai raga da yawa yana kuma buƙatar hanyar gane su ba tare da ya warware kowace ba. Buhu ɗaya, raga ɗaya, da rubutu a jikin buhun ko ƙyalle mai launi a bakinsa da ke nuna faɗin ido da tsawonta. Masunta sun saba auna idon raga da yatsu, don haka ko wanda bai iya boko ba zai iya ɗaura ƙulli uku ko huɗu a igiyar buhun ya gane abin da ke ciki.

Gora da gura

Gora shi ne jirgin talaka. A kansa masunci ke kwanciya ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. Samun babba mai kauri ba kullum ba ne, shi ya sa ake ji da shi.

Abu uku ke lalata shi. Na farko ƙwarin da ke huda shi, waɗanda alamarsu ita ce ɗan garin da ke zubowa ƙasa. Na biyu gara, idan an bar shi a kan ƙasa ko jingine da bangon laka. Na uku tsagewa, idan aka fito da shi daga ruwa aka ajiye a tsakiyar rana, ko ya faɗo daga inda aka ɗora shi a lokacin hunturu da ya bushe ƙayau.

Shi ya sa gidajen da suka gaji sana'ar ke rataye gora a sama, bakinsa na kallon ƙasa don ruwan ciki ya tsiyaye. Ɗakin da hayaƙi ke ɗan ratsawa yana taimakawa wajen korar ƙwari. Idan kuma ya tsage, da sauran magana, domin aikin gyartai ke nan, amma goran da zai ɗauki nauyin mutum a ruwa mai zurfi dole a gwada shi a bakin gaɓa kafin a dogara da shi.

Ita kuwa gura, sandunan jikinta ne gara ke ci, ragar da aka lulluɓe ta da ita kuma rana ke ci. Ana yawan jibge su a fili saboda cin wuri. Runfa ta zana da 'yan duwatsu ko itace a ƙasa don ɗaga su sun isa su ƙara musu kwana. A kuma kakkaɓe sauran dusar da aka yi koto da ita, don kada ta gayyato ɓera da kaji.

Ƙugiya: ƙarama amma ita ce rigima

Idan ana maganar tsari, babu kayan da ke gwada haƙurin masunci kamar mamari. Doguwar igiya ce da aka jera wa gajerun zarurruka, kowanne da ƙugiya a ƙarshensa, kusa da juna. Ba sai da koto ba. Kifin da ya zo wucewa, musamman marasa ɓawo irin su tarwaɗa da ramboshi, sai ƙugiya ta kama shi a jiki.

A ƙaddara mutum yana da mamari biyar, kowanne da ƙugiya 200. Ƙugiya dubu ke nan. Idan aka dunƙule su wuri guda, warware su zai iya cin yini, kuma da wuya a gama ba a yanke wasu an zubar ba.

Masu irin wannan kamu a ko'ina sun dogara da dabaru biyu. Ɗaya ita ce a tsaga sanda ko gora ta kara, a riƙa zura ƙugiyoyin a tsagar ɗaya bayan ɗaya yadda suke a jere a jikin igiya, sannan a ɗaure bakin. Ɗayar kuma ita ce a naɗe igiyar a cikin kwando ko roba, a riƙa soke kowace ƙugiya a bakin kwandon, inda aka liƙa soso ko guntun silifas. A duka biyun doka ɗaya ce: ƙugiyar da ta shiga ƙarshe ita ce za ta fara fita.

Sai maganar girma. Ƙugiyoyin kamfani, irin na Mustad na ƙasar Norway da ya yi suna a duniya, suna zuwa da lamba a jikin kwali, kuma a tsarin da aka fi sani, yawan lamba na nufin ƙanƙantar ƙugiya. Wato lamba 14 ta fi lamba 8 ƙanƙanta. Da zarar an yar da kwalin aka zube su a gwangwani ɗaya, an rasa wannan bayani. Ƙananan robobin magani da aka wanke suka bushe, kowace da lambarta a murfi, sun isa su raba wannan gardama ba tare da an kashe ko sisi ba.

Tsatsa kuwa daga ɗigon ruwa ɗaya take farawa. Jiƙaƙƙiyar ƙugiya ɗaya a cikin rufaffen gwangwani za ta iya ɓata sauran, domin danshin ba shi da hanyar fita. Don haka kada wadda aka yi aiki da ita ta koma cikin sababbi sai ta bushe sarai. Wadda ta riga ta yi tsatsa a ware ta. Idan tsatsar sama-sama ce, ana iya gogewa a wasa bakin. Idan ta ci jiki, babban kifi zai miƙar da ita ko ya karya ta.

'Yan ƙullin nan masu kama da gishiri da ake samu a cikin kwalin sabon takalmi ko na waya, aikinsu shan danshi ne. Jefa ɗaya ko biyu cikin robar ƙugiya na taimakawa, musamman da damina, amma a nisanta su daga yara. Masu shafa mai kuma su kula: ɗan man gyaɗa ya fi baƙin mai ko kananzir, waɗanda ke barin wari a jikin zare kuma su gurɓata ruwa.

Koton roba: baƙon da ke shigowa

Koton da masuntan Rima suka sani shi ne tana, da ƙananan kifaye, da fara, da dusa. Irin wannan ba a tara shi, ranar da za a yi aiki ake nemo shi.

Amma a duniyar masu fatsa akwai wani koton da ba a ci, wanda ake ƙerawa da roba ko katako ko ƙarfe don ya yaudari kifin da ke farautar 'yan'uwansa. Wani masunci ɗan ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa a 1936 bayan ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai hari kan ƙaramin kifin da ke iyo a karkace saboda rauni. Har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa na cikin manyan masu wannan sana'a.

Giwan ruwa, wanda shi ne abin alfaharin Argungu, mafarauci ne, kuma da irin wannan koto masu fatsa ke kama shi a Tafkin Nasser na Masar da kuma Kogin Nilu a Yuganda. Haka ma tsage mai kaifin haƙori. Koton roba ba shi ne abin dogaron masuntan Kebbi ba, amma yau duk mai waya zai iya ganin bidiyonsa ya kuma yi odarsa ta intanet. Wanda ya fara saye kuwa da wuya ya tsaya a ɗaya, domin kowanne da zurfin da yake nutsewa da launin ruwan da ya dace da shi.

Matsalar ajiyarsa ta fi ta ƙugiyar gida. Yawancinsu na ɗauke da ƙugiya mai baki uku, wasu har guda biyu ko uku a jiki ɗaya. Goma kawai aka zuba a leda, sai su zama curi guda da ba a taɓawa sai da jini.

Masu tara irin wannan koto da yawa sun daɗe da daidaita kan wasu ƙa'idoji.

Na farko, a raba su bisa aikinsu, ba bisa kyansu ba: masu yawo a saman ruwa wuri ɗaya, masu nutsewa wuri ɗaya, na ƙarfe masu kama da cokali wuri ɗaya. A bakin ruwa tambayar da mutum ke yi ita ce ina kifin yake, sama ko ƙasa, don haka akwatin ya amsa wannan tambayar.

Na biyu, kada a haɗa masu laushi, irin masu kama da tana, da masu tauri. Sinadarin da ke sa roba ta yi laushi yana iya narkar da fenti da jikin roba mai tauri, har da wasu akwatunan. Launinsu kuma yana zuba a kan juna. Barin su a ledar da suka zo ciki shi ya fi.

Na uku, zafi. Akwatin da aka bari a bayan mota ko ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu zai iya fito da koto a lanƙwashe ko a kumbure, kuma da zarar siffarsa ta canza, iyonsa ya canza.

Na huɗu, a raba babbar ma'ajiya da jakar fita. Mai guda ɗari ba ya buƙatar ɗaukar ɗari zuwa kogi. Ya zaɓi 'yan kaɗan da suka dace da ranar, domin idan jirgi ya kife, abin da ke ciki kawai zai tafi. Idan ya dawo, ya bar akwatin a buɗe ya kwana kafin ya mayar da su.

Akwatin roba mai ɗakuna da ake yi don wannan aiki ba dole ba ne. Irin wanda masu gyaran waya ko masu sayar da maɓalli ke amfani da shi zai yi. Guntun soso a bakin kowace ƙugiya kuma ya hana su sarƙewa.

Haɗarin da ke cikin gida

Ajiyar kayan su ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. A gidan da yara ke yawo ba takalmi, ƙugiyar da ta faɗi ƙasa tarko ce.

An ƙera ƙugiya ne da 'yar ƙaya a bakinta don ta shiga ta ƙi fita. Fizge ta da ƙarfi yana yaga nama. Idan ta shiga da zurfi, ko kusa da ido, ko a gaɓa, asibiti ne maganin, ba reza ba. Akwai kuma cutar tetanus, wadda ake kira sarƙe-haƙora. Ba tsatsa ce ke kawo ta ba kamar yadda ake zato, ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi, wadda ke samun hanya ta irin wannan rauni mai zurfi. Allurar rigakafi na hana ta, kuma duk mai sana'ar ƙugiya ya kamata ya tambayi ma'aikacin lafiya ko tasa na nan da ƙarfi.

Haɗari na biyu ba ya zubar da jini, shi ya sa ba a cika tsoronsa ba. Darmar da ake liƙa wa gindin birgi da taru don su nutse guba ce. Arewa maso yamma ta ga abin da darma ke iya yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinare da ake daka wa a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi illatawa, musamman a ƙwaƙwalwa.

Don haka narka darma a murhun girki, ko fasa tsohon batirin mota a tsakar gida don ciro ta, ko ajiye guntayenta a kwanon da yaro zai iya kaiwa baki, duk abubuwan gudu ne. A ajiye ta a rufaffen mazubi a sama, a yi aikinta a waje nesa da abinci, a wanke hannu da sabulu kafin a ci. Masu matse ta da haƙori su nemi filaya. A Ingila, tun 1987 aka hana amfani da ƙananan darmar fatsa saboda yadda take kashe tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta.

Idan ruwa ya biyo kaya har gida

Mutanen fadamar Rima sun san ambaliya. Sun gan ta a 2010, sun sake ganin ta a 2020 lokacin da ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. A irin wannan dare mutum yara da hatsi yake fara ceto. Kayan su da ke zube a ƙasa ruwa ke tafiya da su, alhali su ne abin da zai ci da iyalinsa bayan gona ta tafi.

Wanda ya ɗaure kayansa a buhuna, ya rataye su wuri guda, zai iya kwashe su cikin jirgi a 'yan mintoci. Shi ya sa watan Yuli, kafin ruwa ya cika, ya fi dacewa da duba ma'ajiya.

Ragar da ruwa ya tafi da ita ba ta daina aiki. Nailan na shekaru bai ruɓe ba, yana ci gaba da kama kifi da kunkuru da tsuntsu suna mutuwa a banza, yana kuma iya sarƙe ƙafar mai iyo. Wannan matsala ce ta sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta amince da ƙa'idojin sanya wa kayan kamun kifi alama a 2018. Alamar mai kaya a jikin gora ko igiya tsohuwar dabara ce a wurin masunta, kuma har yau ita ke raba gardama idan an tsinci kaya ko an sace. Hoto ɗaya a waya na kowane kaya da alamarsa ƙarin shaida ne a gaban Sarkin Ruwa ko 'yan sanda.

Zama a tantance kaya kuma dama ce ta fitar da abin da bai kamata ya koma ruwa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki, ta kuma sa milimita 76, kimanin inci uku, a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga, in ban da wasu keɓaɓɓun nau'o'i. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro wurinsa gado ne, ba kogi ba. Idan ya shiga ruwa, yana kwashe 'ya'yan kifin da za a kama baɗi.

Abin da ya wuce jarin mutum ɗaya

Bikin Argungu a siffarsa ta yau ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan dogon zamani na gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada, inda ta ambaci rawar da Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masuntan Argungu, ke takawa wajen riƙe ilimin kogi da kifinsa.

Wani ɓangare na wannan ilimi a jikin kaya yake. Yadda ake lanƙwasa sandar homa, irin ƙullin da maƙerin da da masaƙin raga suka yi amfani da shi, siffar mashin da ake sukar babban kifi, duk ba a rubuce suke ba. Idan gara ta cinye na ƙarshe, kuma dattijon da ya san sunansa ya rasu, shi ke nan.

Argungu na da wurin da ya dace da irin wannan ajiya. Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, yana riƙe da makamai da tambura da sauran kayan masarauta. Amma yawancin tsofaffin kayan su suna hannun iyalai ne, a rataye a zaure ko a cusa a bayan rumbu, kuma magada kan ɗauke su tarkace idan an zo rabon gado.

Abin da masu kula da gidajen tarihi ke yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma kowane gida zai iya yin sa. A ɗaura wa kowane tsohon kaya 'yar takarda mai ɗauke da sunansa da yaren gida, da wanda ya yi shi, da kifin da ake kamawa da shi, da lokacin shekarar da ake fito da shi. A ɗauki hotonsa. A sa dattijon gidan ya yi bayaninsa da bakinsa a naɗa a waya. Ɗaliban jami'a da na kwalejojin da ke Birnin Kebbi da Argungu da Aliero, waɗanda ke neman abin da za su yi bincike a kai duk shekara, za su iya tattara wannan unguwa-unguwa.

Ga masuncin da ke neman na cefane kuwa, lissafin a bayyane yake. Wanki, inuwa, rataya, rabewa da alama, babu wanda ke buƙatar rance ko tallafin gwamnati a cikinsu. Yini ɗaya ne a ƙarshen kowane zangon su, kafin a ɗauki fartanya a nufi fadama.